Labarun Aljannu da Jarumai, a Takarda da a Kunne

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Doka a Zariya bayan sallar isha'i, ya ɗan dakata wajen teburin mai shayi ko rumfar mai cajin waya, da wuya ya tashi bai ji wata murya na fitowa daga cikin wayar hannu ba, tana ba da labarin wani jarumi da ya zare takobi ya tasam ma rundunar aljannu shi kaɗai. Tela na taka keke yana saurare, ɗan acaɓa na jiran fasinja yana saurare, mai shayi ma in labarin ya yi zafi sai ya manta da ruwan da ya ɗora. Littafi ne ake karantawa. Wani ya rubuta, wani ya karanta da ƙarfi ya ɗauki muryarsa, sa'an nan aka sa a YouTube, ko aka tura ta WhatsApp, ko aka zuba wa mutum a memori.

Waɗansu dattawa suna cewa wannan aikin banza ne, ƙarya ce tsagwaronta. Samari kuwa ba ruwansu, ko wane labari aka kunna musu daɗi gare shi, muddin dai akwai sara da suka. Duka biyun sun yi gaggawa. Ƙarya ita ce maganar da aka faɗa don a yaudari mai ji. Ƙagaggen labari kuwa tun daga bangonsa ya gaya wa kowa ƙage ne, kamar yadda tsohuwa mai tatsuniya takan rufe tata da ɗora wa Gizo alhakin abin da ta shirya. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, a cikin labarun nan wanne ne na kirki, wanne ne na banza, kuma da wane ma'auni za a auna su.

Da fari dai ya kamata a san irin wannan labari ba baƙo ba ne a Zariya. A cikin 1933 Hukumar Talifi, wadda Dokta R. M. East ke shugabanta a garin nan, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yana saurayi ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara. Duka biyun cike suke da aljannu da ƙasashen da babu su a taswira. Bayansu aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939, inda aku ne ke ba da labari. Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda aka yi ta karantawa zamanin Yaƙi da Jahilci, sa'ad da Hukumar NORLA ke buga wa sababbin masu karatu littattafai cikin shekarun 1950. A cikin 1969 kuwa, shekarar da mutanen Amurka suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sararin sama ya ɗauka yawo. Ashe littattafan yaƙi da na al'ajabi da suka yawaita daga Kano a 'yan shekarun baya, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, suna da kakanni. Da kakannin nan za a auna jikoki, gama ba a san tsawon sanda sai an jera ta da wata.

Ma'auni na farko shi ne ƙa'ida. Mai rubuta labarin al'ajabi an yardar masa ya ƙaga abin da ya ga dama: doki mai fiffike, zobe mai kiran aljani, birni a ƙarƙashin teku. Amma da zarar ya ƙaga, to, ya ɗaure kansa. In ya ce zoben sau uku yake aiki, ba shi da ikon sa shi aiki na huɗu don kawai jaruminsa ya shiga uku. Abin mamaki kuma dole ya kasance da tsada. Dubi ruwan da Alhaji Imam ya tafi nema. Da a rijiyar bayan gida yake, da babu labari. Darajarsa ita ce shekarun da aka kwashe ana yawo, da yunwa, da ɗauri, da dūkan da aka sha kafin a kai gare shi. Haka Iliya. Bai sami ƙarfinsa ba sai bayan ya daɗe a zaune gurgu, bai iya tsinana wa iyayensa kome, shi ya sa ranar da ya miƙe mai karatu ma sai ya ji kamar shi aka warkar.

A nan ne da yawa daga cikin sababbin littattafai suke tuntuɓe. Za a kawo boka a ce yana da madubin tsafi da yake ganin ko allura ce a bangon duniya, amma jarumi ya shigo har ɗakin baccinsa madubin bai ce uffan ba. Za a kewaye jarumi da mayaƙa ba iyaka, in marubuci ya rasa mafita sai kawai ya tuna ashe akwai wata laya a damtsen jarumin, wadda ba a taɓa ambata ba tun farkon littafi. Wanda aka yi wa haka sau biyu ya daina jin tsoro saboda jarumin, domin ya gane ba abin da zai same shi. Labarin da babu fargaba cikinsa kuwa miya ce ba gishiri.

Ma'auni na biyu shi ne mutum. A tambayi tsofaffin da suka karanta Ruwan Bagaja a makaranta abin da suka fi tunawa. Da wuya su ambaci aljannu. Malam Zurƙe ɗan Muhamman za su ambata, da yadda shi da Alhaji suke cutar juna gari bayan gari, yau wannan ya yi nasara gobe wancan ya rama. Ana tunawa da Zurƙe domin ko wace unguwa tana da irinsa. Tafiyar Alhaji ma ba don sarauta ko dukiya ya fara ta ba, sai don ya share wa Liman, wanda ya riƙe shi, kunyar da aka ba shi a gaban fada. Duk ɗan kirki ya san zafin wannan.

Ganɗoki ya fi wannan zurfi. Rabinsa na fari yaƙin gaske ne, na zamanin da Turawa suka ci Kwantagora da Bida a 1901, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Da takobi ya kāsa bindiga, sai marubuci ya ɗauke jaruminsa da ɗansa Garba Gagare ya kai su ƙasar aljannu, inda takobi ke da sauran amfani. Mai hankali in ya karanta wannan ya ga zuciyar mutanen wancan zamani, mazan da aka raba da fagen fama suna da sauran ƙarfi, ba su da inda za su kai jaruntakarsu sai mafarki. Ga ƙage, amma gaskiyar da ke cikinsa ta fi ta waɗansu littattafan tarihi. Jarumin da ake yawan kawowa yanzu kuwa ba ya jin yunwa, ba ya jin tsoro, ba ya kuskure, ba shi da uwa da zai tuna. Aikinsa sare kawuna, aikin marubuci ƙidaya su. Irin wannan ba mutum ba ne, takobi ne aka sa wa suna.

Ma'auni na uku shi ne ƙasar da labari ya taka. Yawancin littattafan yaƙi suna faruwa ne a waɗansu birane masu sunaye kamar na Larabawa, a wani zamani mai nisa na masu bautar gumaka. Wannan gado ne daga Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka buga da Hausa tun 1924. Aro ba laifi ba ne. Abubakar Imam ya aro daga Larabawa da Indiyawa da Jamusawa, Ahmadu Ingawa kuma asalin Iliya jarumin mutanen Rasha ne. Amma sun wanke abin da suka aro, suka ɗinka masa riga da hula, har ya zauna a zaure ya yi gaisuwa irin ta Hausawa. Abin takaici shi ne a bar gida da kaya a tafi bara. Mutumin da ke tsaye a Ƙofar Doka yana jingine da ganuwa. Ga Dutsen Kufena, ga Turunku, ga labarin Sarauniya Amina da garuruwan da aka ce ta kewaye da ganuwa. Ga rijiyar Kusugu a Daura da macijinta, ga Jangare, birnin da 'yan bori ke cewa can iskoki suke zaune da sarkinsu da fadawansa. Wata marubuciya 'yar asalin ƙasar Ibo da ke Amurka, Nnedi Okorafor, ta buga littafi da Turanci a 2007 mai suna The Shadow Speaker, ta kafa labarinsa a ƙasar Nijar ta shekarar 2070. Ita ce kuma a 2016 ta ci kyautar Hugo, wadda ake ba gwanayen irin wannan rubutu a duniya, da wani littafinta Binti. In na nesa ya ga abin rubutawa a ƙasar nan, bai kamata ɗan gida ya ce babu ba.

To, saura maganar ido da kunne. Sauraro yana da alheri mai yawa, kada a raina shi. Makaho ya samu, tsohuwa ta samu, matar da hannunta ke cikin wanke-wanke ta samu, wanda bai taɓa shiga aji ba ya samu. Ya kuma maido da hira irin ta dā, inda mutum goma za su ji labari ɗaya su yi ta gardama a kansa. Gwanin karatu yakan ba sarki muryarsa, ya ba bawa tasa, ya san inda zai ja numfashi. Kunne kuma alƙali ne mai tsanani wajen harshe. Hausar da aka gina a kan ƙashin Turanci tana iya ɓuya a takarda, amma da an furta ta sai a ji ta yi ɗingishi. Magana Jari Ce kuwa ko yau aka karanta shi da ƙarfi sai a ce don baki aka yi shi.

Amma fa kunne yana da rauni guda, ba ya waiwaye. Magana in ta wuce ta wuce. Mai sauraro da ya kai kashi na 40 ba zai koma kashi na 3 ya bincika ko an ambaci layar nan ba, sai ya haɗiye. Murya mai daɗi takan rufe ɓarakar labari kamar yadda shafe ke rufe tsagar bango. Ga kuma wani abu: da yake abin da mai tashar karatu ke samu ya danganta ga yawan masu sauraro da daɗewarsu, akwai jarabar a ja labari, yaƙin da ya isa shafi biyu a mai da shi hirar dare uku. Akwai kuma masu karanta littafin mutum ba da izninsa ba, su ci riba, shi da ya hana idonsa barci bai ga ko kwabo ba. Wannan zalunci ne, kuma in ya yawaita gwanaye za su ajiye alƙalami, a bar fage ga masu cika kunne da ƙara.

A nan ne wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya fi sauran jama'ar teburin shayi. Yana da abin da ba su da shi, watau ikon juya shafi baya. Yana iya tsayawa ya ce wa marubuci, a shafi kaza ka ce kaza, yaya yanzu ka sāke? Yana iya maimaita wurin da ya yi masa daɗi har ya gane dabarar da aka yi. Amma wannan iko kamar wuƙa yake, in an daɗe ba a wasa ba sai ya yi tsatsa. Mutum ya sha wahalar watanni yana haɗa baƙi da wasali bayan ya taso daga gona ko kasuwa, ba ƙaramar hasara ba ce ya wayi gari ya miƙa wa waya karatunsa duka, har wata rana a kawo masa wasiƙa ya shiga neman mai duba masa.

Shawarar da ta fi ita ce a haɗa biyun. Wanda labari ya yi wa daɗi a kunne, ya nemi littafin, ko na takarda ko wanda ake sayarwa ta waya, ya biya kuɗinsa don marubuci ya ci guminsa, sa'an nan ya bi shi da ido a hankali. In ya sami dama ya tara iyalinsa da dare ya karanta musu shafi biyu ko uku da bakinsa, ko da yana gargada, gama yau da gobe ita ke sa gwaninta. In an gama, a tambayi juna abu uku: shin marubucin ya kiyaye ƙa'idar da ya kafa, shin akwai mutum a cikin labarin da aka san irinsa, shin kuma an ji ƙanshin ƙasar da aka taka? Littafin da ya amsa ukun nan ya cancanci a ajiye shi kusa da Ruwan Bagaja, a ba 'ya'ya su karanta. Wanda ya kāsa kuwa, a faɗa wa mai sayarwa dalili, domin marubuta suna jin abin da kasuwa ke faɗi, kuma ba za su gyara ba sai sun san masu karatunsu sun iya awo.