Ina Littafin Ɗan Shekara Goma Sha Ɗaya?

Marubutan Hausa na wannan zamani sun koma waya, kuma kusan duk abin da suke zubawa a WhatsApp da Wattpad na manya ne: soyayya, kishi, rikicin gidan miji. Ba laifi, akwai masu karanta shi. Amma yaron da ya girmi tatsuniyar Gizo, bai kuma kai shekarun zance ba, an bar shi hannu rabbana.

Abin da ya sa wannan ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a Katsina muke. A kwalejin garin nan Abubakar Imam ya yi karatu kafin ya rubuta Ruwan Bagaja, a nan Malam Bello Kagara mai Ganɗoki ya yi aiki, daga baya Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Duk labaran tafiya ne da kasada, shi ya sa yara suka riƙe su. To, yaron yau a ba shi me bayan waɗannan?

A Kanada, wani ɗan jarida, Roy MacGregor, ya fara jerin littattafan Screech Owls a 1995. Ƙungiyar yara ce masu ƙwallon gora a kan ƙanƙara. Duk littafi sai su tafi gasa wani wuri, yau Suwidin, gobe Nagano ta Japan, can kuma su tarar da wani abu da ya ɓace ko wani mugu da za su bankaɗo. Dabarar ba ta da wuya. Wasan ne ke jawo yaro, binciken ya hana shi ajiye littafin, ƙasar da aka je kuwa ya san ta ba tare da an ce masa darasi ne ba.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da ƙwallon dawaki tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, muna da langa da kokawa, ga ƙwallon ƙafa a kowane lungu daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Sauri. Kuma a namu labarin ba sai an kai yaran har Ingila ba. A ɗora su a mota ta Jibiya zuwa Maraɗi: harshe ɗaya, kuɗi daban, ɗan sanda na magana da Faransanci, sai kofin gasa ya ɓace daren wasan ƙarshe.

Mugun da ke cikin labarin ma ba sai an ƙirƙiro shi ba. Kowa ya ji labarin dillalan bogi da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan za su kai yaro buga ƙwallo Turai. Gara ɗan aji shida ya fara haɗuwa da irinsu a shafi na arba'in, inda mai tsaron gida da ƙanwarsa za su gano fasfo ɗin jabu ne.

Sharaɗina ɗaya: malami ko limami kada ya shigo a babin ƙarshe ya warware musu. A bar yaran su gano da kansu.