Kalmar «jiha» a kunnen mutumin Gamu

Masu fassarar labarun rediyo sun saba faɗin «jihar Damagaram» tamkar «jihar Kano». Asalin kalmar Larabci ne, ma'anarta ɓangare, saboda haka ba a yi wa région ƙarya ba. Amma a ganinmu fassarar tana ɓoye bambanci. Kano ta zama jiha cikin tarayya ran 27 ga Mayu 1967, a 1979 kuma ta zaɓi gwamna da majalisar dokoki mai zaurenta. Damagaram kuwa, doka ce ta ɗaga ta daga département zuwa région, Gure daga arrondissement zuwa département. Gidan gwamna na Zinder ba a yin doka cikinsa, daga Yamai ake naɗo mai shi. Manomin Gamu, can ƙasar Gure, in ya ji «jiha» sai ya zaci ana yi.