Hukunci da Zartarwa: Sharhi a kan Ƙararrakin Canjin Yanayi

Akwai ra'ayin da ya yi ƙarfi a tsakanin masana shari'a, watau cewa inda majalisu suka yi nauyin jiki game da hayaƙin da ke ɗumama duniya, kotuna za su iya tilasta wa gwamnatoci su rage shi. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna wannan ra'ayi da shari'o'i biyu.

Ta farko a ƙasar Holan aka yi ta. Ƙungiyar Urgenda ta kai gwamnati ƙara, kuma a 2015 kotu ta ba da umarni cewa kafin ƙarshen 2020 a rage hayaƙi da kashi 25 cikin ɗari bisa ga abin da ake fitarwa a 1990. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara har sau biyu, ta faɗi, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Disamba 2019. A ƙarshen shekarar nan aka rufe tashar lantarki ta Hemweg mai amfani da kwal.

Ta biyu tamu ce, ta kuma girmi waccan da shekara goma. A Nuwamba 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin mutanen Iwherekan ta Jihar Delta, yana ƙarar kamfanin Shell da NNPC saboda ƙona iskar gas. A nan akwai hikimar da ta cancanci yabo. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya yi magana a kan muhalli, yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna tilasta aiki da shi. Saboda haka sai aka biyo ta sashe na 33 da na 34, alƙali ya ce ƙona gas tauye haƙƙin rai ne da mutuncin ɗan Adam, ya ba da umarni a daina.

To, amma wutar ba ta mutu ba. Ba mu yi mamaki ba, don kuwa tun 1979 doka ta sa wa'adin daina ƙona gas a 1984, wa'adin ya zo ya wuce.

Kuskuren masu wancan ra'ayi, a ganinmu, shi ne sukan jera Gbemre da Urgenda a sahu ɗaya wai duk nasara ce, alhali hukuncin suka ƙirga, ba zartarwar ba. Alƙali ba shi da 'yan sanda nasa, ba shi da baitulmali. A Holan wanda aka kayar shi ne ya zartar da hukunci a kan kansa. A Neja Delta kuwa, kamfanin gwamnati ne ke da kaso mafi tsoka a rijiyoyin da aka ce a kashe wutarsu.