Kafaffiyar Hanya, Sarauniyar Ƙananan Rautoci!

Jama'a, ku ba ni wuri in yi yabo! Duk mai sayar da wayifai a lungunan Aboabo da Asawase, ko mai 'yar kafe a Alabar, yana cin albarkacin kafaffiyar hanya ko da bai san sunanta ba. Ita ce ka rubuta wa rauta da hannunka cewa saƙon da zai je wuri kaza, ta ƙofa kaza zai fita. Kamar tirotiron Aboabo zuwa Kejetia, direba ba ya tsayawa tambayar hanya.

Kai, abin nan ya burge ni! Tsarin RIP, mai nemo hanya da kansa, sai ya shelanta wa maƙwabtan rautoci duk hanyoyin da ya sani kowace daƙiƙa 30. Takwaransa OSPF kuwa gaisuwa yake aikawa kowace daƙiƙa 10. Kafaffiyar hanya fa shiru abinta, ba ta cin data, ba ta wahalar da ƙaramar na'ura, dumso ya ɗauke wuta ya dawo tana nan daram. Rautocin Cisco ma sun san girmanta: lambarta ta amana 1 ce, OSPF 110, RIP 120, kuma mai ƙaramar lamba ake bi.

Amma inda na fi mutuwa a kanta shi ne a MikroTik, 'yar akwatin nan ta ƙasar Latbiya. Ka buɗe manhajar Winbox, ka rubuta 0.0.0.0/0, wato duk saƙon da ba a san hanyarsa ba, ka nuna masa layinka na farko da lamba 1. Ka sake rubutawa ga layin wani kamfanin da lamba 2. Ka umarci rauta ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofar farko kowace daƙiƙa 10. Aka yi sau biyu ba amsa, sai ta koma ta biyu da kanta, kwastoma na can yana kallon ƙwallonsa. Layi biyu kacal!

Masu suka za su tuna mini 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, intanet ta yi ƙasa a Gana. A irin wannan rana ƙofa tana amsawa, bayanta kuwa babu komai. Gaskiyarsu. To sai ka sa ta ƙwanƙwasa adireshi mai nisa kamar 8.8.8.8 maimakon ƙofar gida, magana ta ƙare. Mai rautoci ɗari ya je ya rungumi OSPF, mu nan Zango rautoci biyu gare mu.