Gasar yaran Zango: a raba su aji-aji

Da an rufe makarantu a Kwatano sai gasar ƙwallon yara ta ɓarke a unguwanni, Zango ma ba a bar ta a baya ba. Wani mai hali ya sa kofi da 'yan kuɗi, a tara ƙungiyoyi, duk wadda aka ci ta tattara ta koma gida. Ni dai wannan tsari na faɗuwa ɗaya ka fita bai kwanta mini ba, don shi ke koya wa yara maguɗi tun ba su iya tare ƙwallo ba.

Kocin da ya san wasa ɗaya ne rabonsa ba zai yarda ya sa ɗan shekara 13 ba. Sai ya hau babur ya tsallaka zuwa unguwar Akpakpa, ya ɗauko ƙaton da ya aske gemu da safe, a ce ai ɗan ƙanensa ne. A zura wa ƙananan yara ƙwallaye har a daina ƙirgawa. Wanda aka lallasa ya bar fili da kuka, ƙaton kuma bai ƙaru da komai ba.

Mun ga inda wannan hali yake kai mutum. A 2018 an kori tawagar Benin ta 'yan ƙasa da shekara 17 daga wasannin share fage a Yamai, bayan gwajin MRI na ƙashin wuyan hannu ya nuna 'yan wasa 10 sun wuce shekaru. Da suka dawo, kotu a nan Kwatano ta yanke musu hukuncin ɗauri, har da tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙasa, Anjorin Moucharafou. Irin wannan ƙarya a filin unguwa ake fara koyonta.

Gyaran bai buƙaci na'urar asibiti ba. A raba yara: 'yan ƙasa da 13 daban, 15 daban, 17 daban. Kowa ya kawo takardar haihuwa ta hukumar rajistar jama'a, ANIP, a manna hotonsa, kuma ƙungiya ɗaya zai buga wa har kaka ta ƙare. Sannan a yi lig, kowa ya kara da kowa gida da waje, masu ƙarfi a rukunin sama, masu tasowa a ƙasa, ana hawa ana sauka.

Za a ce fili ya yi ƙaranci, kuma gaskiya ne, Zango a cushe take. To a rage tsawon wasa, a buga bakwai-bakwai.

Alhazai masu sa kofi, kuɗin naku ne, don haka sharaɗin ma naku ne: kada ku saki ko dala sai kun ga rajistar yaran.