Mutumin da ke Bakin Ƙofar Motar Murtala

A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, wanda aka buɗe a 1957, akwai wata baƙar Marsandi da harsasai suka huhhuda. A cikinta aka kashe Janar Murtala Ramat Muhammed ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan. Gidan cike yake da kayan tagulla na Benin da kawunan yumɓu na Nok, amma in mutumin Aujara ko na Jahun a Jigawa ya sauka Legas ya tako har nan, tambayar da ke bakinsa guda ce: "Ina motar Murtala take?" Kuma ba shugaban gidan yake yi wa ita ba. Wanda ke zaune a teburin bakin ƙofa yana yankar tikiti, da littafin baƙi a gabansa, shi ne zai amsa.

Aikin wannan mutum nake son yabawa, domin an raina shi fiye da kima. Ana ɗauka karɓar kuɗi ne da nuna hanya da yatsa. Alhali duk abin da baƙo zai ɗauka ya koma da shi gida, a mintuna biyun farko ake shuka shi, a bakin wannan tebur.

Wasu na ganin sai ya zama bakanike, ya san kafireta da lagireto kamar tafin hannunsa. Ban yarda ba. Abin da ba a yafe masa shi ne kuskure a kan ginshiƙin labari. Dole ya san cewa Murtala ɗan Kano ne, an haife shi a 1938, ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975, ya yi kimanin kwana 200 kacal. Ya san Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ne ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin, an kashe dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa tare da shi, kuma a Kano aka binne shi. Ya san kwana goma kafin rasuwarsa ya mayar da jihohi 12 zuwa 19, ya kuma sanar da shawarar gina sabon babban birni a Abuja. Duka ba su cika shafi ɗaya ba. Amma in ya ce 1975 a wurin 1976, ɗalibi talatin ne za su rubuta haka a littattafansu, malaminsu kuma ya daina amincewa da duk abin da ke rubuce a bangon gidan.

Gwanintar da ta fi ba ni sha'awa ita ce karanta baƙo. Gwanin mai tarba yakan gane wanda ke gabansa tun kafin ya buɗe baki. 'Yan firamare da suka shigo a layi ba sa bukatar siyasar 1976; sai ya ce su zaro takardar naira 20 su dubi fuskar da ke kai, ya ce musu motar wannan mutumin ce za su gani. Shi ke nan ya kama su. Baƙo daga Jamus zai fi son sanin samfurin motar. Dattijon da ya ji labarin kisan a rediyo yana saurayi kuwa, ba bayani ya zo nema ba. Ya zo ya tsaya ne ya yi shiru, wataƙila ya yi addu'a. Mai tarbar da ya ƙware yakan raka irin wannan har bakin ɗakin, ya ja da baya ya bar shi. Ba a koyar da wannan a takarda. Shimfiɗar fuska ce, wadda aka ce ta fi ta tabarma, amma tare da sanin lokacin da za a naɗe ta.

A ƙasashen da suke da gidajen tarihin mota zalla, nauyin ya fi haka. Gidan Mercedes-Benz a Stuttgart yana farawa ne daga motar Carl Benz mai ƙafa uku ta 1886. Gidan Peugeot (Fijo) a Sochaux ta Faransa, da aka buɗe a 1988, har da injinan niƙa kofi da zarto a ciki, saboda kamfanin ya daɗe yana ƙera su kafin ya taɓa mota. Zakin nan da muke gani a goshin Fijo ma don zarto aka fara yin sa, aka yi masa rajista a 1858. Ba mai iya haddace tarihin kowace mota a irin wannan wuri. Mai tarba nagari ya san taswirar gidan, ya san amsar tambayoyin da ake maimaitawa kullum, ya kuma san wane ma'aikaci ne a ciki ya san sauran. In tambaya ta fi ƙarfinsa sai ya ce, "Wannan kam ba zan yi maka ƙarya ba, bari in kira wanda ya sani." A wurina babu jimlar da ta fi wannan nuna ilimi a aikin nan, domin labarin ƙarya da aka ji a gidan tarihi yana da wuyar gogewa.

Akwai kuma baƙon da ya fi shi sani, kuma mu a tsakiyar Jigawa muna da su da yawa. Ka ɗauki tsohon direban da ya shekara ashirin yana jan akori-kura ƙirar Fijo 404 daga Aujara zuwa kasuwar Gujungu, ko Shuwarin, ko Maigatari ranar Alhamis, da buhunan gero da awaki a baya. Mai tarba zai iya gaya masa cewa 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo baya a 1968, an fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975, 504 kuma ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a wannan shekarar. Duk gaskiya ne. Amma dattijon ne ya san yadda giyar jikin sitiyari take shiga in kuloci ya fara cinyewa, ya san yawan iskar da ake rage wa taya kafin a shiga rairayi, ya san ƙarar da inji ke yi tun kafin ya yi zafi. Babu allon bango da ke ɗauke da wannan.

Da irin wannan dattijo zai tsaya a bakin tebur ya fara zuba, wani ma'aikacin, agogo zai riƙa kallo. Gwani kuwa kujera zai jawo.

"Baba, zauna ka huta. Wace shekara ka fara jan ta?"

"Ɗana, tun ba a yi kwalta a hanyarmu ba. Kai ko haihuwarka ba a yi ba."

"To ranka ya daɗe, yi mini a hankali, rubutawa zan yi."

Sai ya juya bayan littafin baƙi, ya cire murfin biro, ya ce wa abokin aikinsa ya riƙe masa tikiti.