Jinjina ga Ungozomomin Birnin Zazzau

Tun kafin ladan ya kira assalatu, hayaƙi ya tashi a bayan ɗakin mai jego. A Kwarbai ko Limancin Kona ko lungunan Ƙofar Doka, wata dattijuwa ce ta hura wutar, ta ɗora tukunya, ta tsinko ganyen darbejiya. Haka za ta yi safe da yamma har a yi arba'in, ladanta ɗan goro da turmin zane ranar suna.

Wankan jego kaɗan ne daga aikinta. Ita ke gyara wa mai haihuwar fari zama, ta nuna mata yadda jariri zai kama nono, ta gasa cibi, ta karɓi yaron da dare don uwar ta runtsa. Idan ta ga yarinya ta yi jugum, ta daina cin tuwo, sai ta zauna: "'Yar nan, faɗa mini abin da ke damunki." Kuma a bakin irinsu yaro ke fara jin Hausa, cikin wasa da kirari da waƙar reno, tun yana gwaranci.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda da yawansu suka karɓi gyara. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta ciwon zuciyar masu jego a Zariya da yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Yau za ka ji ungozoma na cewa a rage kanwa, a ba jariri dakashi, a tsaya kan nono zalla wata 6. In jini ya ƙi tsayawa, ita ke sa a nemo mota zuwa Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ta shiga gaba da jaririn a hannu.